Tsamiyar Da Muke Juyawa

Jiya wata tsohuwa ta shigo shagon maganin da nake tsarewa a Kankiya tana neman man zafi, wai gwiwa ta hana ta sujada. Na buɗe murfin don ta gani, ƙamshin ya doki hancina. Shekara shida na yi ina kwana ina tashi cikin wannan ƙamshi.

A Yashe aka haife ni. Tun ina ƙarami ba na iya tafiya a hankali. Idan kakata, mahaifiyar babana, ta aike ni gona da fura, kafin ta gama wanke ludayi na dawo. Ita ce ta raine ni, a ɗakinta nake kwana, kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai maigida. Gudu a lokacin daɗi ne kawai. Na fi son sa da damina, bayan an ɗauke ruwa, ƙasa ta yi laushi, gero ya kai ƙirji, kana gudu raɓa tana jiƙa maka riga.

Ina ajin ƙarshe na firamare aka yi wasannin makarantu a Kusada. Na yi tseren dogon zango ba takalmi, na zo na ɗaya. Bayan sati guda wani mutum ya yi sallama a zaurenmu da babur. Malamin wasanni ne a wata makarantar kuɗi ta kwana da ke tsakanin Kankiya da Kusada, wadda ta yi suna wajen gudun daji, irin wanda ake ratsa gonaki da rafi. Ya ce za su ɗauke ni kyauta, karatu da abinci da kayan sawa, muddin ina yi musu gudu. Babana ya amince nan take don murna. Kakata ce kawai ta leƙo ta tambaya, “To in ya gaji fa?” Kowa ya yi dariya, har da ni.

Makarantar tana da doguwar katanga, an dasa fasassun kwalabe a kanta. Yawancin ɗalibai 'ya'yan masu hali ne daga Kano da Katsina. Mu 'yan gudu mun fi goma, ɗakin kwananmu daban, kullum yana ƙamshin man zafin da muke shafa wa ƙafafunmu, kuma kowa ya san yadda muka shigo. Ana idar da sallar asuba malamin zai busa usur. A buɗe mana ƙofa, mu bi burtali, mu gangara cikin yashin rafi, mu haura, shi yana bayanmu a kan babur. Mu dawo mu shiga aji jiki na rawa. Ni kimiyya nake so, amma sau da yawa ana cikin darasi zan ji kaina ya bugi tebur. Idan gasa ta matso, cire mu ake yi daga aji gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da na ci a jarrabawa, amma shugaban makaranta ya san mintunan da nake yi a kowane zagaye.

Ranar Asabar ake gudu mai nisa. Mukan yi ta tafiya har wata babbar tsamiya, mu zagaye ta mu juyo. Daga gindinta ana hango rumbunan garinmu, har da hasumiyar masallacinmu. Ban san wanda ya gaya wa kakata ba. Wata Asabar dai muna isowa na gan ta zaune a kan saiwa, da sandarta da ƙwaryar ruwa a gefe. Na rage gudu, sai na ji usur a bayana.

“Ba tsayawa!”

Na ce, “Ina kwana, Kaka,” na wuce. Ban ji amsarta ba.

Haka muka yi ta yi. Kowace Asabar tana nan, damina da rani. Ta ɗaga ƙwaryar, na girgiza kai, na gaishe ta, na zagaye itacen. Ganin da muke yi wa juna bai fi numfashi uku ba. Wani lokaci ina jin muryarta tana biyo ni, iska na tsinka maganar.

Da na zo hutu a shekara ta uku, ƙwaurina ya fara ciwo, kamar ana soka mini allura a ƙashi. Ta zaunar da ni a tabarma tana murza mini man kaɗanya.

“Maigida, wai mi ke korar ku?”

“Ba komai, Kaka.”

“To mi kuke bi?”

Da yamma na sami babana yana gyaran galma, na ce masa na gaji, ina so in daina. Ya ajiye galmar. Sannan ya ce, “In ka bar gudu, ka bar makarantar. Ni kuwa ba ni da inda zan kai ka irin ta. Ka yi haƙuri.” Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Lokacin girbi na wannan shekarar, wata Asabar muka iso ba kowa a gindin tsamiya. Ta biyu ma haka. Ba a bari mu riƙe waya, ranar ziyara kuma sai ƙarshen zango. Na yi kwanaki ina saƙe-saƙe. A Asabar ta uku, da muka iso itacen abokaina suka zagaya, ni na miƙe. Na ji usur sau ɗaya, sau biyu, na ji ana ƙwala mini kira. Na ratsa ta cikin karan dawa da aka sare, inda babur ba zai iya bi ba. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kuma ban ji ciwon ƙafar ba ko kaɗan.

Na same ta kwance a ɗakinta, ƙafarta ta kumbura. Faɗuwa ta yi a bakin rijiya. Tana ganina ta yunƙura ta tashi zaune.

“Sun bar ka ka taho?”

Ta dube ni, ta dubi gajeren wandon da ke jikina, ta gane. Ta miƙo mini ruwa na shanye, ta shafa kaina.

“Ka gan ni, ban mutu ba. Tashi ka koma, kada su cire ka.”

Ina fitowa na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Malamin ya zagayo ta hanya. Abin da na gani a zauren nan shi ne har yau ba na son tunawa. Babana, da furfurarsa, ya durƙusa a gaban malamin, alhali ya girme shi da kusan shekara ashirin, yana cewa, “Malam, a yi masa afuwa, yarinta ce. Ba zai sake ba.” Maƙwabta na tsaye suna kallo. Malamin ma ya ji kunya, ya kama hannunsa yana cewa, “Haba Baba, tashi don Allah.” Ya ɗora ni a bayan babur muka koma, kuma bai kai ƙarata wurin shugaba ba. Ba mugu ba ne. Daga baya na gane shi ma aikinsa a ƙafafunmu yake rataye.

Ban sake ba. Sati na gaba aka sauya mana hanya, aka daina bi ta tsamiya. Na yi sauran shekaru uku ina gudu da ciwo, na ciyo musu kofuna, na fita da takardar da ta kai ni makarantar koyon aikin lafiya. Kakata ta rasu ina ajin ƙarshe. Tun daga ranar da na gama tserena na ƙarshe ban ƙara yin gudu ba, ko ruwan sama ne ya tare ni a hanya.

Yanzu makarantar ta bunƙasa, an yi benaye, an gyara filin wasa, iyaye suna rububin wuri. Burtalin da muke bi gidaje sun cinye rabinsa. A bara suka zo neman ɗan ƙanena, shi ma ƙafa gare shi. Ƙanen nawa ya nemi shawarata. Na ce a rubuta mana cewa ko ya daina gudu zai ci gaba da zama a aji. Suka ce ba tsarinsu ba ne. Muka yi sati muna juya maganar, ba mu sami wata makaranta da ta kai ta ba, muka sa hannu.

Ni na kai shi. A hanya yana ta murna, ya rungume akwatinsa a cinya. Muna dab da isa ya ce, “Baffa, wai da gaske kai ma ka ciyo kofi a nan?”

Na ce, “Da gaske ne.”

Bai ƙara tambayata komai ba, ni ma ban ƙara masa komai ba.