Aron Shekarun Toan

Ranar 9 ga Maris, 2016, na fara ganin tsoho Khiem, mai gyaran agogo, a ofishinmu na unguwa a birnin Nam Dinh. Izinin gini ya zo nema. Filinsa siriri ne, mutum biyu su miƙa hannu su taɓa bango da bango, don haka sama zai yi, hawa biyar.

Sai mai duba ya ce shekarunsa ba su dace da gini a bana ba. Aka yi yadda aka saba: Khiem ya sayar wa ƙanin matarsa, Toan, wanda shekarunsa suka dace, da filin a gaban turaren da ake kunna wa kakanni, sayarwar al'ada ta fatar baki, Toan ya yi saran ƙasa na fara gini a madadinsa, in an gama ya mayar. Ranar saran dole Khiem ya kauce. Ya zauna shagon shayi yana leƙe, ya ga Toan yana nuna wa magina hannu kamar gadonsa.

Daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Shi ginshiƙai yake so, da fenti ruwan ɗorawa da ƙubba a ƙoli, irin na maƙwabta. 'Yarsa Nhan ta ce gilashi da shuke-shuke ake yayi. Toan ya goya mata baya.

"Yaya, ƙubbar nan sai ka ce an kifa tukunya," in ji Toan.

"Kai za ka kwana ciki?"

"To ai gidana ne, tambayi kakanni!"

Magina suka kwashe da dariya. Khiem bai yi ba. Ya bi Nhan har kicin.

"Wane alkawari kawunki ya yi miki?"

"Haba Baba, haske kawai nake so. In ba gilashi, gidan nan kamar rami zai zama."

Tsoron kada Toan ya riƙe gidan ya sa ya daina musu, duk abin da Toan ya zaɓa sai ya ce to. Haka aka ɗora gilashi tun daga ƙasa har sama.

Ranar tarewa Toan ya kunna turare, ya tafasa ruwa bisa al'ada, ya mayar da gida nan take, har da kyautar shayi. Khiem ya ce wannan saurin ma akwai magana a ciki.

Ya zauna a hawa na huɗu, ya rufe gilashin da labule, bai ƙara gayyatar Toan cin abinci ba. Ya rasu a watan Nuwamban 2021. Gidan yana hannun Nhan, ta buɗe shagon kofi a ƙasa.