Mma Abiba Mai Wankan Gawa

Shekara ashirin da wani abu Mma Abiba tana yi wa matan Maamobi wankan gawa. Da safe takan sayar da koko da ƙosai a bakin tashar motocin haya na trotro, amma da an yi rasuwa sai ta rufe tukunya ta ɗauki sabulu da turare. Ba ta yi boko ba, sai dai ba ta manta sunan duk macen da ta wanke.

Shi ya sa limamin unguwa ya turo mata ɗaliban makarantar kiwon lafiyar al'umma. Su huɗu ne, suna binciken abin da ke kashe masu ciki a zango. Shamima, 'yar Accra New Town, ita ce mai jin Hausa a cikinsu, ita ke tambaya tana rubutawa.

Kwana biyu Mma Abiba tana ba su labarin matan. A rana ta uku ta ce, "Saura ɗaya. Rafi'atu, 'yata. Ni na wanke ta da hannuna."

Shamima ta ajiye biro. "Allah ya jiƙanta, Mma. In da nauyi mu bari."

"Rubuta. Cikin fari ne, wata takwas. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga. Ta ce kanta kamar zai tsage, tana ganin duhu-duhu. Na ce ta kwanta, duk mai ciki haka take yi. Da la'asar ta fara jijjiga, kafin mu isa asibiti ta cika." Ta kama hannun Shamima. "'Yar nan, gaya min gaskiya. Da na kai ta tun da safe fa?"

Shamima ta so ta yi mata ƙarya, ta kasa. "Hawan jini ne, Mma. Da wataƙila an ceto ta. Amma ai ba wanda ya taɓa gaya miki."

Mma Abiba ba ta yi kuka a gabansu ba. Sati biyu dai ba a ga kokonta a tasha ba.

Ranar da ɗaliban suka kawo abin awon hawan jini harabar masallaci, Mma Abiba ce ta bi lungu-lungu tana fito da masu ciki, tana durƙusawa tana danna musu ƙafa don duba kumburi. Mata goma sha ɗaya suka zo, aka tura biyu asibiti nan take.

Ɗaya daga cikin biyun ta haifi namiji bayan ɗaliban sun koma makaranta. Mma Abiba ta je suna, aka miƙo mata jaririn, sai ta tuna Rafi'atu da cikinta. Ta mayar wa uwarsa, ta fita ta zauna a bakin ƙofa har aka watse.