Ranar da Bushiya ta Maye Gurbin Injiniya Lurwanu

Wata rana a Gusau, wani saurayi mai gyaran kwamfuta ya miƙe a taron teloli ya ce shi ya ƙirƙiri manhaja.

Sunansa Lurwanu, amma in ba ka haɗa da Injiniya ba, ba ya waiwayowa.

Ya ce manhajar zanen wuyan riga ce, irin wadda ake zana aiki a kwamfuta a tura wa keke ya zuba zare a shadda. Ya ce daga farko har ƙarshe aikin hannunsa ne, ba wanda ya kama masa ko da wasali.

Shugaban ƙungiyar telolin, Alhaji Bawa, kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa. Shi ya tsaya masa. Ya ce a ba yaron rana ya nuna, in abin ya yi, duk kwamfutocin shagunan ƙungiya a hannunsa za su koma.

To ga yadda abin yake.

Akwai wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake kira Linux. Kyauta ne. Mutanensa kuma ba manhaja kaɗai suke ba ka ba, har asalin rubutun da aka gina ta da shi za su miƙo maka. Kamar tela ya ba ka riga, ya haɗo maka da yadda ya yanka ta, ya ce in ba ta yi maka ba ka farke ka sake ɗinkawa.

Can Lurwanu ya samo manhajar.

Ya sauko da rubutun. Ya zauna ya mayar da duk maɓallanta Hausa: inda za ka zaɓi zare, inda za ka juya zane, inda za ka tura wa keke. Wannan kam aiki ne na gaske, ya ci masa data, ya ci masa ido.

Sai kuma ya ƙara abin da ba wanda ya aike shi.

Ya goge sunan manhajar ya rubuta nasa. Akwai hoton wata bushiya riƙe da allura da ke fitowa in an buɗe ta, ya cire ya sa hotonsa, da hula zanna da baƙin gilashi.

Yana bin wani bidiyon koyarwa, ya ba kwamfuta umarni ta sake gina manhajar. Rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, kwamfutar ta tsaya ta ce akwai abin da ya rage, ya sauko da shi, ta ci gaba. Da ta gama ya ɗora, ya buɗe.

Ga Lurwanu a allo yana kallon Lurwanu.

Nan ya rufe bidiyon da yake koyo a ciki, alhali malamin bai gama magana ba. Abin da ya rage a bidiyon kuwa shi ne: in ka sake gina manhaja da hannunka, sai ka ɗaure ta, ka gaya wa kwamfuta kada ta taɓa wannan in an zo sabuntawa. In ba haka ba, duk ranar da masu ita suka fitar da sabuwa, kwamfuta za ta ɗauke taka ta ajiye tasu. Ba ruwanta da wahalar da ka sha.

Ranar nuni, bayan la'asar, teloli suka cika ofishin ƙungiya, wasu da tef a wuya. An aro majigi, an rataya farin yadi a bango.

Lurwanu ya buɗe manhaja, hotonsa ya cika bango. Ya zana wuyan kaftani a gabansu, ya canza launin zare, komai da Hausa. Masu shekaru suka matso da kujeru. Alhaji Bawa ya gyara zama yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya.

Da nan Lurwanu ya tsaya, da ya tafi gida da aikin.

Sai wani dattijon tela, Malam Ɗanjuma, ya nuna gefen bango da sandarsa.

"Injiniya, wancan ɗan jan abin da ke leƙowa fa? Ba ciwo ba ne?"

Sanarwa ce cewa akwai sabuntawa.

Lurwanu ya yi murmushi. "Baba, ai alamar lafiya ce. Manhajata ba ta tsufa. Kullum sai ta ƙara wa kanta ilimi. Bari ku gani da idonku."

Ya danna.

Rubutu ya gudu, ya tsaya. Ya rufe manhajar, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya sake buɗe ta ba tare da ya dubi allo ba, don a san hannu ya saba.

Ɗakin ya yi tsit.

Shi ya ɗauka mamaki ne. Sai da ya ga Malam Ɗanjuma ya cire tabarau yana gogewa sannan ya waiwaya.

Bushiya ce a bango, riƙe da allurarta. Sunan manhajar na asali a samanta. A ƙasa ga shekarar da aka fara yin ta. Maɓallai duk sun koma Turanci.

Alhaji Bawa bai ɗaga murya ba.

"Lurwanu, ina hularka?"

"Kawu, sabon tambari ne. Na canza."

"To. Wannan shekarar da ke ƙasa fa?"

"Shekarar da na fara aikinta ke nan, Kawu."

Alhaji Bawa ya ƙara duban bangon, ya gyaɗa kai.

"A shekarar nan ni na ɗauke ka na kai ka gidan wanzami aka yi maka kaciya."

Wani daga baya ya ce ashe da zani a ɗaure aka fara aikin. Dariyar da aka yi ta dannewa ta ɓalle. Masu shagunan maƙwabta suka leƙo ta taga suna tambayar abin da ya faru, aka nuna musu bango, aka nuna musu Injiniya.

Yana tsaye, hannunsa kan laftof, ya rasa abin da zai danna.

Alhaji Bawa ya ce a kashe majigin, na aro ne.

Darasi:

Mutanen Linux ba su hana kowa farke aikinsu ya sake ɗinkawa ba. Sunansu kawai suka ce a bari a jiki.

Da Lurwanu ya ce, "Wasu suka yi, ni na mayar muku da ita Hausa," da ba telan da zai ƙi shi. Ƙaramin aikin da ya yi da gaske ya isa ya ci da shi. Babban da bai yi ba shi ya ja ya rasa duka biyun.

Kuma don Allah, in kana koyon abu a bidiyo, ka bari malamin ya kai ƙarshe.

Ku tura wa wani Injiniya da kuka sani. Kada ku ce da shi ake, zai gane da kansa.