Hanyar da Ahmudu Ya Auna

A unguwarmu ta bakin Arlit, in an ce "an yi ta Ahmudu", ana nufin mutum ya shiga inda ba gaba ba baya. Asalin maganar ranar buɗe hanyar awaki ce. Ahmudu mai amalanke, ɗan kwamiti guda, ya lodo ciyawa har sama ya shigo lungun da shi da kansa ya auna, wakilin magajin gari na kallo. Ciyawa ta cije katanga dama da hagu. Jaki kuwa, kowa ya sani, ba ya ja da baya. Ahmudu ya wuni a bisa kaya kamar zakara a kan rumbu, mata na miƙa masa ruwa ta saman katanga.

Mutumin ƙasar Tawa ne. Ya zo neman aikin kamfanin uraniyom, aka ce ya dawo gobe, yana jiran goben har gemu ya yi fari. Da jaki ɗaya ya riƙe gida, yana sayar wa masu dabbobi ciyawa.

Shekarun nan na tawayen Buzaye na biyu gari ya zama tukunya da murfi. Nakiyoyi a daji, hanyar Agadas sai da rakiyar soja, ga kuma baƙi na ta kwararowa don an ce za a buɗe sababbin ma'adinai. Duk inda ka bar fili da safe, da yamma ka iske an aza bulo. Makiyaya irin su Rhissa, Buzun da ya gudo da awakinsa daga daji, ba su da wurin sakin dabba sai wani fili mai 'yan itatuwan ƙaya a bayan unguwa. In aka gine shi, sai dai su sayar da awakin ga mahauta.

Sai magajin gari ya ce unguwa ta kafa kwamitin ba da shawara kan filaye da hanyoyi. Aka sa Ahmudu, wai ya fi kowa sanin lunguna. Shawara kawai ake so, in ji su, kuma akasari a nan take kwana. Abu ɗaya aka amince musu: a bar hanya zuwa filin, faɗinta faɗin amalanke. Ahmudu ya ja amalankensa ana bin sawun taya da farar ƙasa. Sai dai fanko ya ja shi, ba kaya. Masu gini kuwa ba su bar ko tafin hannu ba, a kan layin suka aza katanga.

Bayan abin kunyar ya yi ta zarya a faɗaɗa. An ce sai zama na gaba. Matarsa 'Yargata ta ce su koma gida Tawa, ya ce ta wace hanya? Tun daga nan a bakin lungu yake sauke ciyawa, ya riƙa shiga da ita dami-dami a ka, jakin na tsaye a inuwa yana kallonsa.

Wani ɗan kasuwa ya samo takardar filin. Kamiyonsa, babbar motar bulo, ya zo, ya leƙa lungun, ya juya. Aka ce a ɗauki masu amalanke, su ma suka tuna Ahmudu, ba wanda ya yarda. Mutumin ya gaji ya nemi wani wuri. Awakin Rhissa na nan na gwaguyar ƙaya, ba su ƙoshi ba, ba su kuma je mahauta ba.

Rannan a wurin shayi Rhissa ya tsokane shi.

"Injiniya! Yaushe za ka auna mana hanyar Agadas?"

Ahmudu ya shafa wuyansa da dako ya sanƙarar.

"Kai dai Buzu ba ka da godiya. Ni wuni ɗaya na maƙale, aka sauko da ni. Ku masu dariya, wa ya fita garin ga bana?"