Ɗan Direban Tasi a Madinat Khalifa

Audi ɗan fari ne a gidan Malam Haladu, direban tasi a Tudun Wadan Zariya, kuma rabin yarintarsa a layin mai ta wuce. Duk lokacin da fetur ya yi wuya, uban kan yini biyu a layi, Audi ne mai kai masa tuwo a kwanon sha. A can ya ga manyan mutane suna tura motocinsu da hannu idan layi ya motsa, don kada a tayar da inji a banza. A can kuma ya haddace ƙa'idojin ubansa biyu: ba a fita don aike ɗaya, kuma kujerar mota ba ta tafiya babu kowa a kanta.

Ya yi karatun gwajin jini, ya yi aiki shekara tara a gida, sannan a 2018 Allah ya buɗa masa ƙofa a wani asibiti a Doha. Bayan shekara ɗaya matarsa Na'ima ta biyo shi da 'ya'yansu biyu, suka kama gida a Madinat Khalifa ta Kudu. Ya sayi ƙaramar mota ta hannu, amma ya ci gaba da riƙon mai kamar yana Zariya. A jikin firij akwai takarda. Wanda ke da buƙata ya rubuta, ranar Alhamis a fita sau ɗaya a yi duka.

“Baban Nana, tumatir ya ƙare fa,” Na'ima za ta ce ranar Litinin.

“A rubuta shi. Yau a yi miyar kuka.”

Maƙwabcinsu Suraj, injiniya ɗan Gombe da ke aiki a wani kamfanin gas, shi ne ya fi tsokanarsa. Suraj ko masallacin bayan layinsu da jif yake zuwa. “Malam Audi,” yakan ce, “kana zaune a bakin kogi kana taimama. Ƙasar nan mai ya fi ruwan sha araha!” Audi sai ya yi murmushi ya ce mai hali ba ya fasa halinsa.

Da korona ta shigo a 2020, aka tsayar da bas-bas da jirgin ƙasa na cikin gari, aka ce kowa ya zauna gida. Audi ma'aikacin asibiti ne, dole ya fita kullum. Sati bai zagayo ba Suraj ya kamu, aka killace gidansa baki ɗaya. Sai ga wayar wasu ɗalibai 'yan Katsina da ke zaune a unguwar Al Aziziya, ba mota, shinkafarsu ta kusa ƙarewa. Na'ima ce ta ciro takardar firij ta ce, “Tunda ka iya haɗa aike, to ga aiken jama'a.”

Haka aka yi. Ita ke karɓar saƙo a waya ta rubuta, shi kuma ya zauna da taswirar gari ya tsara hanya yadda ba zai bi titi ɗaya sau biyu ba. Idan ya tashi aiki ya yi cefanen gida bakwai a shago ɗaya, kowane gida da ledarsa da sunansa. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya ja da baya, ya buga waya ya ce, “Khalas, shi ke nan, kayanku na waje.” Wata huɗu yana wannan zagaye. Suraj, da ya warke, ya leƙo ta taga ya ce, “Na janye maganar taimama.” Amma bai fasa zuwa masallaci da jif ba.

Gasar cin kofin duniya ce ta sauke Suraj daga jif. Da watan Nuwamba na 2022 ya kama, aka rufe Corniche, babban titin bakin teku, ga motoci, wasu titunan suka zama sai mai takarda, wurin ajiye mota ya zama abin nema. Audi ya lulluɓe motarsa ya koma jirgin ƙasa, hankalinsa kwance. Suraj ya yi kwana uku yana mita, rana ta huɗu ya ƙwanƙwasa ƙofa sanye da takalmin gudu sabo fil. “Yalla, mu je, Malam, nuna mini hanya.”

A cikin makonnin nan ne labari ya zo cewa mai ya sake yin wuya a gida. Audi ya ga hotunan layi a waya, ya damu, don ya san ubansa, duk da ya haura saba'in, har yanzu yana kai mata 'yan kasuwa garin Giwa ranar kasuwa. Wata Juma'a bayan la'asar, suna tafe a bakin teku shi da Suraj da iyalansu, jiragen ruwan katako na ta lilo a gefe, ya ja baya ya kira gida.

“Baba, don Allah kada ka shiga layin nan. Ƙafarka ba za ta ɗauka ba.”

Malam Haladu ya yi dariya har da tari. “Wane layi? Motar tana gindin darbejiya, na cire batir na rufe ta da tabarma. Na fito da tsohon kekena, Ɗantala mai faci ya gyara mini shi.”

Ya shiga ba shi labari. Matan kasuwar sun haɗa kansu, mutum biyu ke tafiya da saƙon goma. Khadijatu, ƙanwar Audi, ta ajiye keken ɗinki na lantarki ta koma na ƙafa. Unguwa ta bar janareta ɗaya, na mai shagon kan kwana, kowa ya kai wayarsa caji bayan azahar. 'Yan makaranta kuwa ayari suke yi da safe, wani malami a gaba. “Ni har gwiwar ta yi sauƙi,” in ji tsohon. “To ku da kuke kan rijiyar man, yaya?”

“Baba, mu ma a ƙasa muke tafiya.”

“Kai, Audi, ba na son zolaya.”

Audi ya miƙa wa Suraj wayar. Suraj ya gaishe shi da ladabi, yana haki, ya ce, “Wallahi gaskiya ne, Baba. Yau kilomita biyar ɗanka ya sa na taka, ga tankina cike a gida.” Dariyar tsohon har Na'ima ta ji ta daga inda take.

Kafin su yi sallama Audi ya tambaye shi abin da yake so a kawo masa idan an zo hutu. Malam Haladu ya ɗan yi tunani ya ce fitilar keke mai haske, da sirdi mai taushi, don na yanzu ya bushe kamar ƙirgi.

Audi ya mayar da wayar aljihu, ransa fari tas. Can gaba 'yan Senegal sun kafa ganguna, Nana da ƙaninta suna jan hannun uwarsu su je kallo. Suraj ya samu benci ya zube, ya kwance igiyar takalmi, ya ce ko taku ɗaya ba zai ƙara ba sai an kawo masa shayin karak, mai madara da kayan ƙanshi. Audi ya ƙirga kawuna, ya nufi rumfar mai shayi ya ce a zuba shida, ɗaya kada a cika sukari.