Waken Rio

Ban taɓa taka ƙasar Brazil ba, amma ni na rubuta wa Daraktanmu abin da zai ci da inda zai je kallo a birnin Rio. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, man fetur ya yi daraja, manya kullum suna hanyar filin jirgi. Shi Darakta dattijo ne mai tsantseni. Ko nama aka kawo ofis sai ya tambayi wanda ya yanka.

Ya ce, "Kai ne ɗan zamani. Tsara mini, kar in je in ci abin da ba shi ke nan ba."

Na wuni a shagon intanet a Jabi. Bakin teku na soke shi, don na ga hotunan, a'uzu billahi. Na bar masa dutsen da ake hawa cikin kejin da ke tafiya a kan waya, da lambun itatuwa, da wata kasuwar 'ya'yan itace. Wajen abinci na hana shi gasasshen nama. Can sai ga hoton baƙin wake da shinkafa, wai shi ne abincin garin ran Asabar. Na ce madalla! Mu dai a wurinmu wake wake ne, me za a sa masa ban da mai da yaji? Ban ko karanta bayanin ba, na sa shi a farko, har da ja masa layi.

Ran Juma'a, kwana biyu da tashinsa, wata abokiyar aikina 'yar Filato da ta taɓa yin kwas a can ta ga kwafin takardar a teburina. Ta dafe ƙirji.

"Oga zai ci wannan? Kai, ka san me suna zubawa ciki? Kunnen alade, da ƙafa, da wutsiya."

Wayarsa ba ta shiga a waje. Na buga wa otal ɗin da ya sauka waya sau bakwai, wata mata tana ta zuba mini yarensu, ni ina ihun sunansa kamar mahaukaci. Na tura saƙo ta intanet, alhali na san ni ke buɗe masa akwatin saƙonninsa a ofis. A masallaci ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba. Asabar ta zo, na zauna a ɗakina a Durumi ina lissafin ƙarfe nawa ne a can, ina roƙon Allah Ya sa masa ciwon ciki, ko zazzaɓi, ko me ma.

Da ya dawo ya aiko a kira ni. Na shiga na gaishe shi.

Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka! Waken nan sau biyu na ci. Har alhazan da muka je tare na ja suka ci. Naman ya narke, sai ka ce ragadada. Samo mini yadda ake yin sa, Hajiya ta gwada."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na kalli tabon sallar da ke goshinsa, na ce, "To, ranka ya daɗe."

Na buga masa yadda ake yin sa, duk inda aka ce alade na mai da shi ƙafar saniya. Bayan sati ya tsayar da ni a matakala.

"Ta yi, amma bai kama ƙafar wancan ba. Akwai abin da suka ɓoye maka."

Na ce, "Da alama."

Shekara shida na ƙara yi a ƙarƙashinsa. Duk baƙon da zai je Rio, sai ya turo shi wurina karɓar takardar, ni kuma in ba shi wadda babu wake. Shi kaɗai ne ban taɓa iya faɗa wa ba, har muka kai shi makwancinsa.