Ranar da Inna Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Ko me zan manta a duniyar nan, ban da yammacin da na zauna da mahaifiyata a gindin rumbu muna zancen halittun da ake zaton suna can bayan taurari. Shekaru sun ja, Inna ta riga mu gidan gaskiya, ni kaina furfura ta fara leƙo mani, amma har yau in na rufe ido ina jin ƙarar wake yana zuba cikin ƙwaryarta.

Yayana, ɗan farin Inna, ya tafi cirani arewa wata shekara da gero bai yi ba. Kiran ƙarshe da ya yi a salula, ya ce sun kusa shiga hamada, rezon waya zai yanke, in sun fita zai kira. Bai kira ba. Aka tambayi direbobi, aka tambayi waɗanda suka dawo, wannan ya ce ya gan shi, wancan ya ce ba shi ba ne. Yaya ya bar matarsa a gidanmu, can ƙauyenmu gaba da Urafane, da sauran lallen amarci a ƙafarta. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, har muka daina ƙirgawa.

Inna mace ce mai tsananin kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", in tana son ya zo sai ta aiki wani ya kira shi, ko da yana zaune a gabanta. Amma tun ranar da ya tafi, kullum aka sauke tuwon dare sai ta zuba nasa a kwanonsa, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ɗaki. Da safe ta ɗumama ta ba duk wanda ya fara wucewa. Wallahi kwanon nan ya sha ɓata mani rai. In na zo hutu na gan shi, ji nake kamar in ɗauka in jefa rijiya, sai dai ba ni da wannan ƙarfin halin.

Wadda abin ya fi ci ita ce matar Yaya. Ga ta da ƙuruciyarta, ba miji, ba saki, ba takaba. Tana daka, tana ɗebo ruwa, tana kiran Inna "Inna", kuma ta rantse ba za ta taka ƙofar alƙali ba sai da yardar surukarta. Mahaifinta ya zo ya yi magana cikin mutunci, ya koma. Shi ne kawuna, ƙanen Inna, ya kira ni a Tasawa, inda nake koyar da kimiyya a kolej.

"Ke ce mai baki, ke ce kuma ta lekol, mai boko," in ji shi. "Ki zo ki shawo kanta. A yi masa sadaka, yarinyar nan ta yi takaba, ta samu ta yi aure. Alhakinta ya fara yi mana yawa."

Na shiga motar kasuwa zuwa Urafane, na hau kabu-kabu, na iso bayan la'asar. Lokacin kaka ne, dammunan gero jibge a tsakar gida. Na tarar da Inna a gindin rumbu tana ɓarar wake. Duk hanya na shirya maganata tsaf, ni da ake ce wa mai baki, amma da na zauna na kalli hannuwanta sai bakin ya mutu. Na ɗebi wake na shiga ɓara. Ita ce ma ta cece ni.

"Mi kuke koya ma yaran yanzu?"

Don in cika shirun, sai na ba ta labarin tambayar da aka yi mani a aji a makon nan, wai ko mu kaɗai ne masu hankali a duk faɗin halittar Allah. Na ce mata kowace tauraruwa da take gani rana ce kamar tamu, nisa ne ya ƙanƙantar da ita, kuma da yawansu suna da duniyoyin da ke kewaya su. Na zaci za ta ce in bar saɓo. Sai ta ce, "To, ai Ubangijin talikai muke cewa a salla. Ban taɓa jin an ce Ubangijin Tasawa ba." Na yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Na ci gaba. Na ce akwai masana a wasu ƙasashe da suka kafa manyan faya-fayan ƙarfe, irin na telebijin amma wani ya fi gidan nan faɗi, sun juya su sama suna sauraro ko za su ji wata alama daga masu hankali.

"Sun ji?"

"Ba su ji ba, Inna."

"Tun yaushe suke saurare?"

"Tun kafin a haife ni. Waɗanda suka fara, da yawa sun mutu, wasu sun gaje su."

Hannunta ya tsaya a kan waken. "Kuma ba su ce babu kowa ba?"

A nan na ga inda zancen ya nufa, kuma ni ce na share masa hanya. Zan iya yi mata ƙarya, amma ba na yi wa ɗalibaina, balle uwata. Na ce a'a, ba su ce babu ba. Sun ce wurin ya yi faɗin da shiru bai isa hujja ba. Ko haske, da ya fi komai sauri, sai ya yi shekaru a hanya kafin ya iso daga wata tauraruwa. Mai yiwuwa an yi magana, ba ta iso ba tukuna. Mai yiwuwa kuma babu kowa. Ba su sani ba, shi ya sa ba su naɗe kayansu ba.

"Kamar rijiyoyin Mayahi ke nan," in ji ta. "Ki saki guga, ki tsaya, ki ce ko ba ruwa, sai can ki ji ya taɓa ruwa."

An aiko ni in rufe ƙofa, ga shi na ƙara buɗe ta. Haushin kaina ya kama ni, har na fara tunanin abin da zan gaya wa Kawu. Daga can tsakar gida muna jin matar Yaya tana tuƙa tuwo.

Sai Inna ta yi tambayar da ban shirya mata ba.

"Su masu sauraren, da kansu suke zama, ko wani suke ɗaurewa ya zauna musu?"

"Da kansu, Inna. Wanda ya gaji ya tafi."

"Saurare kaɗai suke, ko suna kira?"

"Sun taɓa aika saƙo. Sun faɗi ko su wane ne, da inda suke."

Ta gyaɗa kai. Ta karkaɗe ɓawon wake daga zanenta, ta miƙe da ƙyar, don gwiwa ta fara damunta a lokacin. Rana ta faɗi, ana gab da kiran magariba, tauraruwa ɗaya ta fito a yamma. Ta bi ta bayan danga zuwa bakin gona, inda karan gero ya rage tsaye. Na bi ta daga nesa, ban san me za ta yi ba.

Ta fuskanci arewa. Sai na ji ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke, da ƙarfi, da muryar da ban san tana da ita ba. Ta sake kira. Na durƙusa a kan kunyar gona ina kuka kamar yarinya. A tsakar gida muciya ta daina motsi. Ba abin da ya amsa sai wata akuya can nesa. Inna ta tsaya tana saurare har ladan ya gama kiran salla, sannan ta juyo ta wuce ni ta je ta ɗauki buta.

Da safe ta aika aka kira Kawu. A gabansa ta kira matar Yaya, ta kama hannunta.

"Ɗiyata, ni ce na haife shi, jira nawa ne. Ke kin yi naki har kin zarce. Kawunki zai kai ki wurin alƙali a raba auren, don ya daɗe ba ya nan. Amma ba za ki yi takaba ba, kuma ba za a yi sadaka ba. Ban ji ya mutu ba."

Kawu ya dube ta, ya amince. Matar Yaya ta kifa kanta a cinyar Inna, sai da aka ɗaga ta. Ta yi aure a Korgom daga baya, kuma har Inna ta rasu ba ta taɓa fashin zuwa gaishe ta da salla ba, da ƴaƴanta a baya. A daren da ta bar gidanmu ma, Inna ta zuba tuwo a kwanon ta rufe, kamar kullum. Sunan Yaya kuwa ban sake jin shi a bakinta ba.

Yaya bai dawo ba har yau, kuma ba wanda ya zo mana da labarin kabarinsa. Abin da yammacin nan ya koya mani shi ne mutum yana da ikon ya jira muddin ransa, ba wanda zai hana shi, amma da ransa zai yi jiran, ba da ran wani ba. Da aka zo rabon kayan Inna, kwanon nan na ce a ba ni, ni da na so jefa shi rijiya. Yana nan Tasawa a bakin ɗakina. Kowace shekara kuma sai an samu wanda ya ɗaga hannu a aji ya ce, "Madam, akwai wasu a can sama ko babu?" Ba na cewa akwai, ba na cewa babu. Nakan ce musu ba a ji ba tukuna, in na koma gida in zuba tuwon in rufe.